Snap, Flatpak, AppImage ko apt: wanne ne ya san kuɗin data a Tudun Wada?

1/ Jama'a zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Kwana uku ke nan ana kai ruwa rana a wani guruf ɗinmu na WhatsApp kan wace hanya ce ta fi wajen saka manhaja a Linux. Kowa hujjarsa bidiyon YouTube. Babu wanda ya ambaci kuɗin data ko sau ɗaya. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/ Ga abin da ya tayar da zancen. Wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya, nan layinmu a Tudun Wada, an saka masa Linux a laftof. Ya tambaya a guruf yadda zai samu manhajar gyaran hoto. Wani babban yaya ya ce masa "ka yi Flatpak kawai, shi ne zamani." Ya yi. Datar satinsa ba ta ga la'asar ba.

3/ Washegari yaron ya dawo ya ce Linux cin data gare shi kamar gara, a mayar masa da Windows ɗinsa na sata. Ni dai ban ga laifinsa ba. Laifin na wanda ya ɗauko shawarar Bajamushe mai intanet ɗin waya har cikin ɗaki, ya miƙa wa yaron da ke jiran tsakar dare ya sayi datar dare.

4/ Kuma maganar ba ta wasa ba ce yanzu. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuma a hukumance sai kana da TPM 2.0 da furosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Je ka duba laftof ɗin da ke hannun ɗalibai daga Kongo har Samaru ka gani.

5/ EliteBook ne da Latitude da ThinkPad 'yan gwanjo, ƙarni na 4, na 5, na 6. Lafiyarsu ƙalau, batir ne kawai ya tsufa. Waɗannan injinan Linux ne gatansu. To idan muka kori mutum tun ranar farko da shawarar da ba ta san aljihunsa ba, mu muka cuce shi.

6/ Ƙara da wannan: a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Don haka ni ma'aunina huɗu ne, babu ƙari. Data nawa zai ci? Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki me zai faru? Tsohon inji zai iya? Zan iya ba abokina a filash?

7/ Wanda ke son muhawarar "wanne ya fi kyan tsari a falsafance" ya tafi Reddit, akwai 'yan uwansa a can da yawa.

8/ Bari in fara da tushe saboda sababbin shiga. Manhaja ba ta tafiya ita kaɗai, tana da 'yan rakiya: ƙananan laburare da take dogara da su don zana taga, kunna sauti, buɗe hoto. Duk rigimar nan a kan tambaya ɗaya ce: wa zai kawo 'yan rakiyan, kuma sau nawa za a kawo su?

9/ apt, wato hanyar Debian da Ubuntu da Mint, tsarin gidan gandu ne. Tukunya ɗaya ce. Idan laburare ɗaya manhaja goma ke buƙata, sau ɗaya ake sauke shi, duk goman su ci daga nan. Shi ya sa sau da yawa za ka ga abu ya sauka da 'yan megabait kaɗan, don rabin kayan suna gidan tuni.

10/ Debian tun 1993 take, Ian Murdock ya kafa ta. apt ya zo a ƙarshen shekarun 1990. Ya girme ni, ya girmi wanda ya ce min "tsohon yayi ne." Eh tsoho ne. Kafin ya taɓa maka data sai ya rubuta maka ƙarara: zan sauke kaza, zan ci wuri kaza, in ci gaba? Tsoho mai ladabi.

11/ Aibinsa kuma na gaske ne, ba zan ɓoye ba. Tunda tukunya ɗaya ce, ba a canza miya don mutum ɗaya. Ubuntu LTS duk shekara biyu take fita, a watan Afrilu, kuma yawancin manhajojin cikinta a wannan sigar za su tsaya, gyaran tsaro kawai ake musu. Kana son sabon fasali? Sai haƙuri.

12/ A nan ne rashin haƙuri ya taɓa ci na. Ina aji biyu na dinga ƙara PPA iri-iri da nake gani a intanet, ina kwafo umarni ban karanta ba. Rannan na yi sabuntawa, 'yan rakiya suka kaure da faɗa, allon shiga ya ƙi fitowa. Saura kwana biyu in miƙa aiki. Wannan ba laifin kowa ba ne, nawa ne.

13/ Abin da ban sani ba lokacin: duk rumbun da ka ƙara wa apt, ka ba mai shi makullin gidanka ne gaba ɗaya. Ƙunshin deb da ikon babban mai gida yake shiga. Rumbun Debian ko Ubuntu na da masu sa ido. PPA ɗin wani da ba ka san ko sunansa na gaskiya ba fa?

14/ To wannan matsalar, tsufan manhaja da faɗan 'yan rakiya, ita ta haifi sauran ukun. Ba daga sama suka faɗo ba. Shi kansa Linus Torvalds a taron Debian na 2014 ya yi ƙorafin wahalar haɗa manhajar tebur ɗaya da za ta yi aiki a kowane Linux. Ciwon gaskiya ne. Maganin ne nake da ja a kai.

15/ Snap. Nan ne zan ɓata da wasu.

16/ Snap na Canonical ne, kamfanin da ke yin Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Ya shigo tebur da Ubuntu 16.04. Manhaja na zuwa a dunƙule da kayanta, a matse, a killace. A takarda abu ne mai kyau. Bari mu sa shi a ma'aunin Tudun Wada.

17/ Yadda aka tsara shi, snap na leƙa shagonsa sau huɗu a rana, idan ya ga sabo ya sauke da kansa. Ba ya tambayarka. Ka yi tunani: ka kunna hospot don ka tura aiki ɗaya ta imel, a bayan fage wani abu ya yanke hukuncin cewa yanzu ne lokacin sabunta burauza.

18/ Masu kare shi za su ce ai ana iya dakatarwa. Gaskiya ne, kuma ga su nan ku adana:
sudo snap set system refresh.metered=hold
sudo snap refresh --hold
Na farko ya hana shi taɓa layin da aka yi wa alamar mai awo, na biyu ya tsayar da shi har sai ka ce.

19/ Amma ku lura, shi umarni na biyun sai wajen ƙarshen 2022 aka samar da shi, bayan shekaru ana roƙo. Kuma dukansu a kashe suke zuwa. Wato sai ka riga ka sha zafin, ka yi bincike da ragowar datarka, kana ka gano akwai makunni. Yaro ɗan aji ɗaya ina zai san wannan?

20/ Tsarin da ya ɗauka kowa na da intanet mara awo, sai wanda ba shi da shi ya ɗaga hannu ya yi bayani, ba da mu aka zauna aka tsara shi ba. Shi ke nan maganata.

21/ Sannan batun tsohon inji. Snap a matse yake zaune, ana warware shi ne lokacin buɗewa. A SSD ba ka cika ji ba. A tsohon hadis mai juyawa da RAM 4, buɗewar farko kana iya zuwa ka ɗebo ruwa. Canonical da kanta ta yi rubuce-rubuce a 2022 kan jinkirin Firefox ɗin snap da gyaran da take yi.

22/ Sun gyara da yawa, in faɗi gaskiya. Yanzu ya fi da. Kuma snap na ajiye tsohuwar siga, idan sabuwa ta ɓaci ka yi snap revert ka koma. Wannan dabara ce mai kyau. Kuɗinta shi ne wuri: kowace manhaja kwafi biyu a kan SSD ɗin 128 da ka riga ka cika da fina-finai da handawut.

23/ Abin da ya fi ci min rai ba ma data ba ne. A Ubuntu 19.10 aka mayar da ƙunshin Chromium na apt fanko: ka rubuta apt install, a bayan fage a saka maka snap. A 22.04 aka yi wa Firefox haka. Ka nemi shayi a kawo maka koko a kofin shayi, ba a ce maka komai ba sai a ƙananan rubutu.

24/ Ba ni kaɗai na ga haka ba. A 2020 Linux Mint, ƙarƙashin Clément Lefebvre, suka toshe snap a Mint 20 da wani ɗan fayil mai suna nosnap.pref. Ba su haramta ba, in kana so ka cire fayil ɗin ka saka abinka. Cewa suka yi ba za a shigo da shi ta taga ba.

25/ Kuma shagon snap guda ɗaya ne, na Canonical, lambar sabar da ke bayansa ba a buɗe take ba. Rumbun apt kuwa kowa na iya kafa nasa ko ya yi madubinsa, jami'a ko sashe ko ɗaki. Riƙe wannan, zan dawo kansa, don a nan duk ribar take.

26/ Mozilla ma daga Janairun 2024, da Firefox 122, ta fara ba da deb nata kai tsaye da rumbunta. Wanda ke Ubuntu yana son Firefox na apt, hanya a buɗe take.

27/ Flatpak kuma. Nan zan ba wa masu jiran in zage shi kunya, don ba zan zaga ba. Alexander Larsson na Red Hat ya fara shi da sunan xdg-app, aka sauya suna a 2016. Babban shagonsa Flathub, amma kowa na iya buɗe nasa. Shi ake amfani da shi wajen saka manhaja a Steam Deck.

28/ Tsarinsa kamar hostal ne mai kicin ɗaya a kowane bene. Manhajoji ba sa ci daga tukunyar gidanka, suna da nasu harsashin da suke tarayya a kai: na freedesktop, na GNOME, na KDE. Kowane harsashi ɗaruruwan megabait ne. Shi ne abin da ya cinye datar ƙaninmu.

29/ Ya nemi manhaja ɗaya, aka fara zuba masa harsashi, da direban hoto, da sauran tarkace. Da a ce ya saka ta biyu da ta uku masu harsashi iri ɗaya, da ya ga ba su ci sosai ba. Kuɗin shiga ne mai tsada. Wanda ya ba shi shawara bai gaya masa akwai kuɗin shiga ba.

30/ Tarkon kuma: ka saka ɗaya ta GNOME, ɗaya ta KDE, ɗaya da mai ita bai sabunta harsashinta ba tun bara. Ka tashi da harsashi uku saboda manhaja uku. Flatpak na rubuta girman komai kafin ya fara. KARANTA teburin nan kafin ka danna y, don Allah.

31/ Inda ya burge ni: bayan shigar farko, sabuntawa bambancin kawai yake saukewa, kuma fayil iri ɗaya ba ya ajiye shi sau biyu. apt a Ubuntu ƙunshin gaba ɗaya yake sake saukewa ko da layi ɗaya aka gyara. Snap ma yana yin na bambancin, in ba shi haƙƙinsa.

32/ Kuma a taminal Flatpak ba ya motsi sai ka ce flatpak update. Shagon hoto irin na GNOME ne ke iya yi a bayan fage, shi ma yana girmama layi mai awo. Ka shiga saitin wayfai ɗin hospot ɗinka ka kunna alamar mai awo yau ɗin nan, kowane Linux kake.

33/ Wata-wata ka yi flatpak uninstall --unused, ya share harsasan da babu mai amfani da su. Za ka yi mamakin wurin da zai dawo.

34/ Batun ɗauke wuta. Laftof ɗin da batirinsa ke riƙe minti goma sha biyar ya san abin da nake nufi. Idan wuta ta tafi apt na saukewa, ba komai, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Idan ta tafi yana tsaka da warware kaya, nan ne ake hawaye. Maganin farko: sudo dpkg --configure -a

35/ Flatpak da snap a nan sun fi apt, ba musu. Sabuwar siga sai ta kammala a gefe kafin a juya kanta, ko tsohuwa ko sabuwa, babu rabi da rabi. Kuma ko ta lalace manhaja ɗaya ce, ba tebur ɗinka duka ba. Dokata da apt: ba na babban sabuntawa sai batir ya cika ko ina inda janareta ke aiki.

36/ Sai AppImage, ɗan ci-rani: buhunsa a kafaɗa, komai nasa na ciki. Simon Peter ya fara shi tun 2004 da sunan klik, ya zama AppImage a 2013. Fayil ɗaya, manhaja ɗaya. Ba a girkawa, ba ya neman sudo. Ka ba shi izinin gudu da chmod +x, ka danna sau biyu.

37/ Wallahi wannan shi ya fi kama da yadda muke rayuwa. Mu mutanen "turo min ta Xender" ne. Mutum ɗaya ya sauke Krita ko Kdenlive ko FreeCAD ko Arduino IDE da datar dare, gobe aji duka sun samu a filash. Babu wanda ya sake kashe ko sisi.

38/ Ko a kwamfutar da ba taka ba, wadda ba ka da kalmar sirrin mai ita, yana tashi daga filash ɗinka. Ka gama ka zare ka tafi.

39/ Amma ɗan ci-rani ba shi da mai tsaya masa. Galibi babu killacewa, babu shago mai tantancewa, yawanci ba ya sabunta kansa, sai ka sake sauke fayil ɗin. Wanda ya miƙo maka AppImage ya miƙo maka abin da zai iya karanta duk fayilolinka. Al'adarmu ta filash ce ta yaɗa bairos a Windows, kar mu manta.

40/ Don haka daga shafin masu manhajar kaɗai ake saukewa, ba daga tashar Telegram ba. Idan sun wallafa lambar tantancewa, sha256sum sakan biyu ne. Kuma ni ba zan taɓa amfani da burauza ko wani abu da ya shafi kuɗi a AppImage ɗin da ya yi wata shida a filash ba.

41/ Wani abin haushi: a Ubuntu 22.04 da yawansu ba sa tashi sai ka saka libfuse2, a 24.04 sunansa libfuse2t64. Ka danna shiru, ka sake dannawa shiru, ba saƙon komai. Mutane da yawa a nan suke cewa "ba ya aiki" su watsar. Ƙaramin ƙunshi ne, ka sa shi a filash ɗin tun farko.

42/ Masu cewa "killacewa, tsaro, killacewa," ku saurara. Shinge na da amfani, na yarda. Amma manhajoji da dama a Flathub suna neman izinin shiga duk gidanka, kuma ana ba su. Saka Flatseal ka duba da idonka. Snap ma akwai masu zuwa da --classic, wato babu shingen sam.

43/ Kuma shago ba ya nufin tsarki. A 2018 an kama manhajoji a shagon snap suna haƙar kirifto a ɓoye da injin mutane. A 2024 an samu walat ɗin kirifto na bogi a can. Samarin Zariya masu mainin, wannan naku ne. Shinge ba ya ceton wanda ya rubuta kalmominsa goma sha biyu da hannunsa.

44/ Yanzu bari in dawo inda na ce ku riƙe. Wata Asabar mun taru mu bakwai a ɗaki ɗaya kusa da Kongo, kowa da laftof, kowa da hospot ɗinsa, duk muna saka Mint iri ɗaya, duk muna sauke sabuntawa iri ɗaya. Abu ɗaya muka biya kuɗinsa sau bakwai. Muna ta musun Snap da Flatpak muna yi.

45/ Har yau in na tuna sai in ji kunya. 'Yan kimiyyar kwamfuta wai.

46/ Alhali apt na ajiye abin da ya sauke a /var/cache/apt/archives. Lura da tarko: umarnin apt yana goge su bayan ya gama, apt-get ne ke bari. Don haka mai saukewa ya yi amfani da apt-get install, ko ya ƙara -d in saukewa kawai yake so. Ya kwashe deb ɗin a filash.

47/ Na gaba ya shiga foldar ya rubuta sudo apt install ./*.deb, shi ke nan. Sharaɗi: sigar Linux ɗinku ta zama ɗaya. Kar ka ɗauki na Ubuntu 24.04 ka kai wa mai 22.04, kar ka kai na Debian gidan Mint ɗin da ke kan Ubuntu. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa aji ɗaya su zaɓi abu ɗaya.

48/ Wanda ya taɓa sauke texlive-full don rubuta furojet, gigabait nawa ya ci? Yanzu lissafa da yawan 'yan ajinku. Sau ɗaya ya kamata a sauke wannan abin a zango.

49/ Mataki na gaba apt-cacher-ng. Tsohuwar laftof ɗaya mai fasasshen allo ta isa. Ka saka shi, sauran su nuna apt ɗinsu gare ta a ƙofa 3142. Na farko da ya nemi ƙunshi daga intanet zai zo, na biyu har na hamsin daga cikin ɗaki. Ga wanda ba shi da intanet sam kuma akwai apt-offline.

50/ Flatpak ma yana da flatpak create-usb, kuma ba haɗari ba ne: mutanen Endless OS, da suka gina Linux don wuraren da intanet ke wahala, sun sa hannu a wannan aikin. Yana kwashe manhaja da harsashinta a filash. Yana da ɗan saiti kafin ya yi, amma da ƙaninmu ya samu wannan da datarsa na nan.

51/ Snap akwai snap download, ya ba ka fayil biyu, ka yi snap ack kana ka girka, kuma kar ka manta da ginshiƙinsa irin core22. Yana yiwuwa. Sai dai da zarar injin ya ga intanet zai koma gidan ubansa neman sabo, sai in ka ɗaure shi da umarnin da na bayar a 18.

52/ To ga matsayata, ku yi sikirinshot ku zo da ita gobe. Duk abin da ke rumbun apt kuma sigarsa ta ishe ka, LibreOffice, VLC, GIMP, Octave, git, Python, ka ɗauka a can. Ɗalibin da ke rubuta rahoto ba ya buƙatar sigar da ta fito shekaranjiya. Kwaɗayi ne kawai.

53/ Wanda kamfaninsa ke ba da deb a shafinsa, irin VS Code da Chrome, ka karɓa daga can, kana sane ka ba su makulli. Wanda dole sai sabo, kamar OBS ga masu yin bidiyo, Flatpak, amma ka shiga da shiri, daren da kake da data, ka ƙoƙarta ka tsaya kan harsashi ɗaya ko biyu.

54/ Manyan kayan aiki da aji duka ke so, AppImage a filash ɗin da mutum ɗaya amintacce ke kula da shi. Snap kuwa sai in babu wata hanya. A saba ko na'urar da aka ajiye a ofis mai intanet mara awo yana da ma'ana, sabunta kai can alheri ne. A laftof ɗin ɗalibi mai hospot, a'a.

55/ Shi ya sa sabon shiga Mint nake saka masa, ba Ubuntu ba. Faifan Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, na Mint kusan rabin haka. apt na nan, Flatpak na nan a shirye in ya so, babu mai sauke masa burauza ta bayan gida. Mai ƙarfin hali kuma Debian: tun siga ta 12 a 2023 direbobin wayfai na cikin faifan.

56/ 'Yan Arch na gan ku a kwament tun kafin in gama. Eh AUR na da komai. Eh pacman na da sauri. Tsarin da ke son sabuntawa kowane mako, a garin da ake sayen data da awo kamar man gyaɗa? Ka yi abinka malam, amma kar ka saka wa ƙanwar wani. 'Yan Fedora ku ma na gaishe ku, ku ƙalilan ne.

57/ Wani zai ce ai hana sabuntawa haɗari ne. Ban ce a hana ba. Burauza da gyaran tsaro kar ka bari su wuce sati ɗaya ko biyu. Cewa na yi NI zan zaɓi daren, ba inji ba. Wanda ya ɗaure snap ya manta da shi wata biyar shi ma ya yi wauta, kada ya ce ni na sa shi.

58/ Af, tunda kun zo har nan: Linux na zuwa da allon rubutun Hausa a ciki, ka shiga saitin kibod ka nemi Hausa ta Najeriya. Ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan, ba sai ka sauke komai ba, ba snap ba Flatpak. Ku daina rubuta mana "kasa" muna rasa ko ƙasa ce ko kasawa.

59/ Ƙaninmu dai na karɓi laftof ɗin jiya da daddare. Na cire abin da aka saka masa, na ba shi GIMP daga deb ɗin da ke filash ɗina, Krita kuma AppImage. Ko megabait ɗaya bai kashe ba. Ya ce zai ƙara gwada sati biyu kafin ya yanke hukunci. Babban yayan da ya ba shi shawara har yanzu bai ce uffan a guruf ba.

60/ Ina neman tsohuwar laftof da ba a amfani da ita, ko allonta ya mutu, in dai tana kunnuwa kuma wayfai na aiki, mu mayar da ita rumbun unguwa. Mai ita a Tudun Wada, Gyallesu ko Kongo ya yi min magana ta inbos. Filash ɗina na Mint 22 ne, mai wata siga ya zo da nasa.